AMSAR WASIƘUNKU: Yaro ya ce sai inji ya gama gwaji, shin gaskiyarsa ce ko ɓata lokaci ne?

Yau wasiƙa guda tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da ɗan tsawo. Ta fito ne daga wani dattijo mai sayen hatsi da sayarwa, mutumin Dareta cikin ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara, wanda ya roƙe mu da mu sakaya sunansa. To Alhaji, mun sakaya.

Ga abin da wasiƙar ta ƙunsa a taƙaice. Tun ƙarancin takardun kuɗin nan na farkon 2023 cinikin Alhaji ya koma rabi a hannu rabi ta waya, ga bashin da yake bin mutane a ƙauyuka, har littafinsa ya rikice. Sai ɗansa mai karatun kwamfuta ya ce zai haɗa masa manhajar lissafi a cikin waya, daga wata wadda masu ita suka bayar kyauta ga duk mai so. Yaro ya zo hutu ya zauna gaban kwamfuta, ya ce ya haɗa, amma ba zai ɗora ta a wayar mahaifinsa ba sai inji ya gama wani abu wai shi gwaji. Gwajin nan ya ci sa'o'i, ya ci kuɗin caji, daga ƙarshe kuma yaro ya ce guda biyu sun faɗi, sai ya gyara tukuna. Da Alhaji ya matsa masa sai ya amsa cewa lalle akwai hanyar tsallake gwajin, amma shi ba zai bi ta ba. Har ran dattijo ya ɓaci. Tambayarsa ita ce, tunda waɗanda suka ƙago abin masana ne kuma sun riga sun gwada kayansu, me ya rage wanda yaro ɗan bana bakwai zai gano a Dareta?

To Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Ni dai a wannan shari'a bayan yaronka nake, kuma zan faɗa maka dalili.

Da farko bari mu san abin da yaron yake yi. Ita manhaja, wato abin da ke sa waya ko kwamfuta ta san aikin da za ta yi, asalinta rubutu ne. Mutum ne ke zama ya rubuta umarni layi bayan layi: in an ba ka kaza ka tara da kaza, in an danna nan ka nuna wancan. Wannan shi ake kira tushen manhaja. Amma inji ba ya karanta shi haka nan, sai an bi da shi ta cikin wata manhajar ta juya shi zuwa harshen da injin ke ganewa, a harhaɗa shi da sauran kayan da yake buƙata, a ɗaure ƙunshi guda. Yawancinmu ƙunshin da aka gama ɗaurewa muke saukewa a waya, kamar mai sayen fura damammiya. Shi kuwa yaronka gero ya ɗauko, zai surfa ya daka da kansa. Kuma ba wani baƙon abu ba ne. Tun 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara rubuta manhajar Linux, ya saki tushenta ga duniya, ga shi a kanta aka gina Android da ke cikin yawancin wayoyinmu.

To masu rubuta manhaja na kirki ba sa sakin tushe shi kaɗai. Suna haɗa shi da wasu tambayoyi waɗanda aka riga aka san amsarsu. Alal misali, tiya uku a kan naira 1,500 kowace, dole amsa ta zama 4,500. Mai saye ya ba da 2,000, dole saura ya zama 2,500. To in bai ba da ko sisi ba fa? In ya biya fiye da abin da ake bin sa fa? In ranar ta faɗo 29 ga Fabrairu, wadda sai bayan shekara huɗu take zagayowa fa? Irin waɗannan tambayoyi ɗari ko dubu ake rubutawa a ajiye. Da an gama harhaɗa manhajar sai a ba inji umarni, shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya da kansa, yana yi wa sabuwar manhajar tambaya yana gwama amsarta da wadda aka ajiye. Inda suka yi daidai ya wuce, inda suka saɓa ya tsaya ya yi rahoto. Mu da muka yi koyon aikin malanta mun san wannan, don an hore mu da cewa kafin ka ba yara jarrabawa ka fara rubuta amsoshinka ka ajiye, in ba haka ba wajen duba takardu son zuciya zai shigo. Shi inji ba shi da ɗan gida, ba ya gajiya, ba ya cewa ai jiya ma na duba wannan.

Kada ka ɗauka ƙaramin aiki ne. Akwai wata 'yar manhajar adana bayanai mai suna SQLite, wadda wani Ba'amurke Richard Hipp ya fara a shekara ta 2000, tana cikin kowace wayar Android da iPhone. Masu kula da ita sun bayyana a 2023 cewa rubutun gwajinta ya ninka rubutun ita kanta manhajar sau 590. Cikin abin da suke gwadawa har da ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubuta bayani, don su tabbata abin da aka riga aka adana bai lalace ba. Kai da batirin wayarka ke iya mutuwa kana tsakar shigar da bashin buhu goma, ka ga wannan gwajin kamar dominka aka yi shi.

Yanzu sai mu zo ga ainihin tambayarka, wato me ya sa za a sake gwada abin da masu shi suka gwada. A nan zan nemi gafararka, domin misalin da ya fi kusa da kai misali ne mai ciwo, kuma ka fi ni saninsa.

A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ake kira Likitoci Na Gari Na Kowa, ta lura yara ƙanana suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro amma ba sauƙi. Da aka bincika sai aka gano gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje, ƙura tana sauka inda yara ke rarrafe. An ƙiyasta yaran da suka rasu sun kai 400. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta taimaka aka yi a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Allah ya jiƙansu, ya sa masu ceto ne.

Abin da nake so ka tuna shi ne yadda aka yi aikin share ƙasa. Dareta da 'Yargalma aka fara sharewa a tsakiyar 2010, sannan aka bi Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru, ita kuwa Bagega sai a 2013. Ma'aikatan wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics, tare da na ma'aikatar muhalli ta jiha da samarin gari, suna ɗauke da wata na'ura da ake riƙewa a hannu ɗaya, a kafa bakinta a ƙasa ta nuna yawan dalmar da ke wurin. Sun auna gida kafin a taɓa shi. An kankare ƙasar sama an kwashe. To da aka kwashe, sun ce shi ke nan tunda ƙwararru ne suka tsara aikin? Ba su ce ba. Sun sake aunawa. Ita ma sabuwar ƙasar da za a zuba ba a yarda da ita don kawai ta fito daga nesa da gari ba, sai da aka auna ta. Kuma gida gida aka bi, ba a ce tunda na maƙwabci ya fita naka ma ya fita ba. Dalili shi ne likitoci sun ce ba amfani a ba yaro maganin fitar da guba sannan a mayar da shi cikin ƙurar da ta kwantar da shi. Tsarin aikin ɗaya ne a ko'ina, amma kowane tsakar gida da nasa hali.

Haka tushen manhaja yake. Rubutun da yaronka ya sauke shi ne dai wanda masu shi suka rubuta, amma kwamfutar da suka harhaɗa shi a kai ba irin tasa ba ce, wayar da suka gwada ba irin taka ba ce, sauran kayan da aka haɗa da shi kuma wataƙila nasu sababbi ne nasa tsofaffi, ko nasa sababbi nasu tsofaffi. Shi ya sa ƙungiyar Debian, wadda tun 1993 take tattara manhajojin kyauta tana rarrabawa, kuma ƙunshinta ya haura dubu hamsin, take harhaɗa kowane ƙunshi daban a kan kowane irin inji, in kuma tushen ya zo da gwaje-gwajensa a gudanar da su a nan take. Idan gwaji ya faɗi, haɗin ya tsaya ke nan. Hanyar tsallakewa tana nan a wurinsu ma, kalma guda ake ƙarawa, amma an tanade ta ne don mai sana'a da ya san abin da yake yi, ba don kayan da za a miƙa wa jama'a ba.

Akwai kuma wani abu da ya faru a ƙauyukan naku wanda ya shafi zancenmu. Ƙaramar na'urar da aka zo da ita don auna jinin yara, iyakar ƙidayarta 65 ne a ma'aunin likitoci, alhali daga 45 ake fara ba yaro magani. Waɗanda suka ƙera ta sun yi ta ne don wuraren da ko 10 aka gani sai hankali ya tashi. Da aka zo Zamfara sai ga jinin yara da yawa ya zarce iyakarta. Kirkin da na'urar ta yi shi ne ba ta ƙaga lamba ta bayar ba, cewa ta yi abin ya fi ƙarfinta, har sai da ma'aikata suka riƙa tsarma jinin kafin su sake aunawa su lissafa. Ka ga na'ura lafiyayya, an gwada ta a ƙasarsu, amma ta zo inda lissafin masu ita bai kai ba.

Turawan ma wannan ya taɓa cin su, kuma da tsada. Ranar 4 ga Yuni 1996 ƙasashen Turai suka harba sabon rokarsu mai suna Ariane 5 daga Kourou a Kudancin Amurka. Bai kai daƙiƙa 40 da tashi ba ya karkace ya tarwatse a sama. Da aka bincika sai aka ga an ɗauko wani sashe na manhajar tsohon roka, Ariane 4, wadda ta yi shekaru tana aiki lami lafiya, an ɗora a kan sabon. Shi kuwa sabon ya fi tsohon zafin tafiya, sai wata lamba ta yi girman da mazubin da aka tanadar mata ba zai ɗauka ba, kamar a juye buhu cikin tiya. Kwamitin bincike ya ce ba a gwada wannan sashe da irin tafiyar sabon rokan ba. An dogara ne da cewa ai an san shi, ai bai taɓa ba da kunya ba. To Alhaji, wannan ita ce hujjar da ka kawo wa yaronka.

Sai dai don kada in yi maka rabin gaskiya, gwaji ba laya ba ne. Abin da aka tambaye shi kaɗai yake amsawa, kuma shi ma mutum ne ya rubuta shi. Ranar 19 ga Yuli 2024 wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya aika wa masu hulɗa da shi wani ɗan gyara. Gyaran ya bi ta hannun manhajar da ke tantancewa, ta ce lafiya lau, ashe ita mai tantancewar ce ke da aibi. Kamfanin Microsoft ya ce kwamfutoci miliyan takwas da rabi suka tsaya cik, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka koma takarda da biro. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne an aika wa kowa a lokaci guda, ba a fara da kaɗan an ga yadda za ta kaya ba. Mu ma nan gida mun ɗanɗana. A watan Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya nemi gafara, ya ce matsalar na'ura ta taɓa sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, har aka sake musu jarrabawa.

Don haka ni a ganina yaronka ma bai gama ba. Tambayoyin da suka zo da tushen tambayoyin masu shi ne, kuma su ba su taɓa cin kasuwar ƙauye ba. Ka zaunar da shi, kai ka faɗa shi ya rubuta, ku ƙara naku. Ka sa ya gwada sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ, domin akwai manhajar da za ta ɗauki Ɗanladi da Danladi mutum biyu ne, ko ka nemi sunan ta ce babu shi, bashinka ya bi ruwa. Ka sa ya gwada mutum biyu masu suna ɗaya a ƙauye ɗaya, wanda a wurinmu ba abin mamaki ba ne. Ka sa ya gwada rabin tiya, da wanda ya karɓi gero ya biya da wake, da kuɗin da suka haura miliyan. In kana ciniki da mutanen Nijar ku kula da waƙafi, don a rubutun Faransanci inda mu muke sa ɗigo a lissafi su waƙafi suke sawa. Ita ma kwanan wata, Amurkawa wata suke fara rubutawa sannan rana, ka ga 3 ga Afrilu tana iya komawa 4 ga Maris. Sannan ka sa ya kashe intanet ya ga ko za ta yi aiki, domin mutanen Zamfara ba sa buƙatar a tuna musu watan Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya. A waɗannan wurare kai ne malami, yaro ne ɗalibi.

Batun guda biyun da suka faɗi kuwa, kada ka yarda ya share su don allo ya yi kyau. Wani lokaci laifin manhajar ne, wani lokaci laifin shi gwajin ne, misali yana neman intanet bai samu ba, ko agogon kwamfutar ba daidai yake ba. Duka biyun suna faruwa. Abin da ake so shi ne ya gano wanne ne, ya iya yi maka bayani da Hausa har ka gane. In wanda ya faɗi ya shafi tara kuɗi ko adana bayani, to kada kobonka ya shiga ciki sai an gyara. In kuwa ya tabbata aibin daga tushe yake, ya rubuta wa masu shi ya sanar da su. Haka al'adar masu manhajar kyauta take, kuma da haka yaro ke yin suna a wannan sana'a.

Wani abin kuma, gwajin yau ba ya wanke gyaran gobe. Kun gani da idonku, bayan an share ƙauyuka, inda aka koma sarrafa dutse a cikin gida guba ta dawo, sai da aka sake bi. To duk ranar da yaro ya taɓa manhajar, ko layi ɗaya ya sauya, ya sake gudanar da gwajin gaba ɗaya, don sau da yawa wajen toshe wata ɓaraka ake buɗe wata. Nan ne amfanin inji yake, tunda shi maimaici ba ya gundurarsa. Game da kuɗin caji da ka yi kuka a kai, yaro ya san cewa harhaɗawar farko ita ce mai cin lokaci, kuma zai iya kunna gwajin da dare ya bar shi ya duba da safe. Ka kwatanta kuɗin cajin kwana biyu da kuɗin buhun gero guda da zai iya salwanta a lissafi, sai ka yanke hukunci da kanka.

Sauran masu saurare da ba su da ɗa mai karatun kwamfuta, ku ma wannan zance bai bar ku ba. Manomi ya san shawarar malaman gona ta a ƙirga ƙwayar iri ɗari a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, bayan kamar mako guda a ƙirga nawa suka tsiro, tun kafin a zuba iri a gona a yi asarar damina. To haka za ku yi wa waya. In manhajar banki ko ta lissafi ta sabunta kanta, kafin ku tura kuɗin shanu ku fara tura naira ɗari zuwa ga wanda kuka sani, ku kira shi ku ji ta isa, ku duba abin da aka cire. Mai sikelin lantarki ya ajiye wani ƙarfe da ya san nauyinsa, kowace safiya ya ɗora kafin mai kaya na farko ya iso.

Kai kuma Alhaji, ko bayan yaro ya ce duk gwaji ya wuce, kada ka jefar da littafinka. Ka riƙa rubutawa a littafi kana shigarwa a waya har tsawon wata guda ko biyu, kowace Juma'a ku zauna da wanda ya iya karatu ku gwama jimillar biyun. In sun saɓa ko da naira hamsin ne, ku nemo inda ta maƙale kafin ku ci gaba. Kuma kafin yaro ya koma makaranta ka sa ya nuna wa wani a gidan yadda ake kwafe bayanan a ajiye a wani wuri dabam, saboda waya tana faɗawa rijiya, ana kuma sace ta a kasuwa.

Masu wasiƙu kan tsutsar da ke cin masara da kuma farashin taki, mun ga saƙonninku, ku tara a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.